Tarihin Dokta Alexis Carrel, Likitan Da Ya Buɗe Hanyar Dashen Gaɓoɓi

An haifi Alexis Carrel ran 28 ga watan Yuni, 1873, kusa da birnin Liyon na ƙasar Faransa, a can kuwa ya yi karatun likita. Yana ɗalibi aka daɓa wa Shugaban Faransa, Sadi Carnot, wuƙa a birnin cikin 1894. Shugaban ya cika domin likitocin zamanin ba su iya ɗinke babbar jijiyar jinin da ta yanke ba.

Carrel ya ɗaura ɗamarar gano dabarar, har ya je wurin wata mai surfani ya koyi sarrafa siririyar allura da zaren siliki. Cikin 1902 ya bayyana hanyarsa, watau a ɗaure bakin jijiyoyin biyu a wuri uku, a ja zaren har bakin ya yi kusurwa uku, sa'an nan a bi kowane gefe da ɗinki.

Ya bar Faransa cikin 1904, ya bi ta Kanada ya isa Jami'ar Shikago ta Amurka. Shi da Charles Guthrie suka riƙa dasa ƙoda da gidan ƙwan mace a jikin karnuka da kyanwoyi. Manomin Bici ko Ɗambatta da ya saba aurar da mangwaro ya san in ruwan uwa bai shiga reshe da wuri ba, bushewa zai yi. Haka gaɓar da aka dasa take, jini ne ruwanta. Wannan aiki ne ya jawo masa lambar Nobel cikin 1912. Cikin 1935 kuma, shi da matuƙin jirgin saman nan Charles Lindbergh suka ƙera famfon gilashi mai rayar da gaɓa a wajen jiki.

Matsalar da ya yi fama da ita ta ci gaba da cin tuwo a ƙwarya bayansa. Gutsuren gidan ƙwai da ake dasawa ba tare da jijiya ba yakan yi kwanaki kafin sababbin jijiyoyi su tsiro, ƙwayaye da yawa su mutu. In jinin ya dawo kuwa, iskar oksijin da ya kawo takan haifar da guba mai cin tsoka. Shi ya sa masana suka gwada sinadarai masu kashe kaifin gubar, kamar bitamin E da melatonin, a kan ɓeraye. Amfanin dashen gutsuren gidan ƙwai ya bayyana a Beljiyam cikin 2004, inda wata mata da ta warke daga ciwon daji ta haihu bayan an mayar mata da gutsuren da aka daskarar.

Amma fa tarihinsa yana da tabo. Littafin da ya wallafa cikin 1935 ya goyi bayan hana masu rauni hayayyafa, ya kuma shugabanci wata cibiya ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus. Ya mutu a Faris ran 5 ga watan Nuwamba, 1944. Cikin 1996 aka cire sunansa daga makarantar likitoci ta Liyon, alhali kuwa ɗinkin da ya ƙago ya zama ginshiƙin dashen ƙoda da zuciya.