Abubakar Imam: Editan da Ya Faɗi Gaskiya a Jaridar Hukuma

An haifi Alhaji Abubakar Imam a garin Kagara, cikin Jihar Neja ta yau, a shekarar 1911. Gidansu gidan malanta ne, saboda haka da karatun allo da na littattafan addini ya buɗe ido. A 1927 ya shiga Kwalejin Katsina, ya kammala a 1932, aka ɗauke shi koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai cikin Hausa. Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, East kuma ya ga gwanintarsa, ya nemi a ba da aronsa zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce. Yawancin jama'a a nan saninsu da shi ya tsaya. Amma aikin da ya fi shafar siyasar Arewa shi ne wanda ya biyo baya.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ne editanta na Hausa na farko. Gwamnatin mulkin mallaka ba don nishaɗi ta kafa ta ba. Yaƙi na ƙaratowa a Turai, jita-jita ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus, ga kuma jaridun Legas, musamman West African Pilot da Nnamdi Azikiwe ya kafa a 1937, suna caccakar Turawa. Hukuma na bukatar bakin da zai yi magana da yawunta cikin harshen da ake ji daga Sakkwato har mahaɗar jirgin ƙasa ta Kafanchan da garuruwa irin su Gwantu, inda Hausa ta zama harshen kasuwa tsakanin ƙabilu dabam-dabam.

Nan Imam ya tsinci kansa tsaka mai wuya. Albashinsa daga hukuma yake fitowa, amma ya gane cewa ranar da mai karatu ya ɗauki jaridar a matsayin sanƙiran Bature, kwabonsa ba zai ƙara fita ba. Dabarar da ya bi ita ce buɗe filin wasiƙu. Malaman makaranta, akawuna da ma'aikatan En'e suka samu wurin kai kukansu kan haraji, shari'a da halin wasu masu riƙe da sarauta. Shi kuma cikin sharhinsa yakan naɗe suka da karin magana da barkwanci, yadda wanda aka nufa zai ji a jikinsa, amma ya rasa hujjar kai ƙara. Duk da haka bai tsira ba: wasu sarakuna da jami'an Turawa suna ganin ya cika tsaurin ido, matasa masu zafin ra'ayi kuma suna ganin ya cika lallaɓa hukuma.

Shekarar 1943 ta bayyana matsayinsa sarai. Yana cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila, tare da Azikiwe. A can Azikiwe ya tsara takardar neman a sa wa'adin samun mulkin kai, Imam kuwa ya ƙi sa hannu, domin a ganinsa Arewa ba ta da isassun masu ilmin zamani da za su riƙe rabonta, kuma ba a aiko shi da wannan saƙo ba. Jaridun Kudu sun yi masa ca a kan haka. Sai dai a wannan tafiya ce ya gana da Lugard, wanda ya kafa tsarin mulki ta hannun sarakuna, daga baya kuma ya rubuta masa yana zayyana illolin tsarin: talaka ba shi da hanyar kai kuka, matasa masu ilmi ba a jin shawararsu, jami'an Turawa kuma sun tsaya ga abin da fada ta gaya musu. Ya ƙi bin 'yan adawa ido rufe, bai kuma ɓoye wa masu mulki laifinsu ba. Labarin tafiyar ya fito cikin littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, a 1948 kuma aka fara buga Nigerian Citizen da Turanci. Imam yana cikin waɗanda suka yi ruwa suka yi tsaki wajen kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar al'adu kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. Bayan kimanin shekara 12 yana edita, ya shiga Majalisar Dokokin Arewa da ta Wakilai a Legas. Bai daɗe cikin siyasar jam'iyya ba ya janye, ya koma aikin gwamnati a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, daga bisani kuma ya riƙe muƙamin kwamishinan sauraren koke-koken jama'a, aikin da ya yi kama da wanda ya fara a filin wasiƙun jaridarsa. Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981.

Tambayar da ya yi fama da ita ba ta mutu da shi ba. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta karɓe New Nigerian, wadda Gaskiya Ta Fi Kwabo ke ƙarƙashinta, ta kuma sayi kashi 60 cikin ɗari na Daily Times, aka sake muhawara kan ko jaridar hukuma za ta iya faɗin abin da hukuma ba ta so. Ga jami'in yaɗa labarai ko mataimakin minista da ke rubuta sanarwa a Abuja yau, rayuwar Imam tana nuna cewa amincewar jama'a ita ce jarin mai magana da yawun gwamnati, kuma shugaba ya fi amfana da ma'aikacin da ke kai masa kukan talaka da wuri fiye da wanda ke ɓoye masa har sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada.