W. E. B. Du Bois da Takardun da Ya Bari

An haifi W. E. B. Du Bois a shekarar 1868 a garin Great Barrington na ƙasar Amurka, shekara uku bayan an hana bauta a can. Ko da yake bauta ta ƙare, wulaƙanta baƙar fata bai ƙare ba. Du Bois ya dage da neman ilmi, har a 1895 ya zama baƙar fata na farko da ya sami digirin dakta a Jami'ar Harvard.

A 1909 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar NAACP mai neman haƙƙin baƙar fata. Daga 1910 zuwa 1934 shi ne editan mujallarta, The Crisis, inda yake tona asirin kisan gillar da ake yi wa baƙaƙe ba tare da shari'a ba. Alƙalami ne makaminsa, kuma mutum ne mai adana wasiƙu da rubuce-rubucensa.

Bai manta da Afirka ba. Ya shirya taron haɗa kan baƙar fata a Faransa a 1919, ya kuma zo Legas a 1960 bikin rantsar da Dokta Azikiwe Gwamna-Janar.

Gaskiya ɗaci gare ta. A 1951, yana da shekara 83, gwamnatin Amurka ta kai shi kotu, wai yana yi wa wata ƙasa aiki. Alƙali ya kori ƙarar, amma aka hana shi fasfo har 1958. A 1961 Shugaba Nkrumah ya gayyace shi Ghana. Can ya rasu ran 27 ga Agusta, 1963, yana da shekara 95.

Kafin ya bar Amurka ya danƙa amanar yawancin takardunsa ga abokinsa Herbert Aptheker, masanin tarihi. A 1973 Jami'ar Massachusetts ta karɓi takardun daga hannun matarsa, Shirley. Sun haura 100,000, an kuma sa su a intanet. Da sun salwanta, da labarin da maƙiyansa suka bayar ne zai fi yawo.

To, 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, wasiƙun kakanninmu da tsofaffin takardun da ke cikin adaka, kada mu bar wa gara. Magana iska ce, amma abin da aka rubuta aka adana, shi zai tsaya wa mutum shaida bayan ransa.