Victor Hess: Masanin da ya hau sama neman asalin tartsatsin samaniya

A farkon ƙarni na 20, masana sun lura cewa akwai wani tartsatsi marar ganuwa da ke ratsa iska yana sa mata caji. Yawancinsu sun ɗauka daga duwatsun ƙasa yake fitowa. In haka ne, ya kamata ya riƙa raguwa yayin da mutum ke yin sama. Victor Franz Hess, wanda aka haifa a Ostiriya ranar 24 ga Yuni, 1883, ya ƙudiri aniyar gwada wannan zato da kansa.

Daga shekarar 1911 ya fara hawa sama cikin kwandon balan-balan, riƙe da na'urorin awo. Ranar 7 ga Agusta, 1912, ya kai tsayin kusan mita 5,300, inda ya tarar tartsatsin ya ƙaru matuƙa maimakon ya ragu. A watan Afrilun shekarar kuwa ya riga ya hau lokacin kusufin rana, awon bai sauka ba. Sai ya yanke cewa daga can sararin samaniya abin yake zuwa.

Tambayar da ta rage ita ce: daga wace kusurwa? A 1931 ya kafa tashar awo a dutsen Hafelekar, kusa da Innsbruck. Da alƙalumanta ne Compton da Getting suka yi aiki a 1935, suna neman alamar ko juyawar rukunin taurarinmu na sa tartsatsin ya rinjayi wani sashe. Yau an san ƙwayoyi ne masu caji, kuma maganaɗisun sararin samaniya na karkatar da su har su iso kusan daidai daga kowace fuska. Galibin masana suna jingina ƙarfinsu ga fashewar manyan taurari.

Hess ya sami lambar yabo ta Nobel a 1936, amma ɗaukakar ba ta kare shi ba. Da 'yan Nazi suka mamaye Ostiriya a 1938, aka sallame shi daga Jami'ar Graz. Matarsa Bayahudiya ce. Suka yi hijira zuwa Amurka, ya ci gaba da koyarwa a Jami'ar Fordham. Ya rasu ranar 17 ga Disamba, 1964, yana da shekara 81.