Mustafa Alhasan: Makaniken Da Ya Sa Kwaɗi Magana

Marigayi Mustafa Alhasan, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Moustapha Alassane, yana cikin mutanen farko da suka shirya majigin zane mai motsi a Afirka ta Yamma. An haife shi a Jamhuriyar Nijar cikin 1942, kuma da kanikanci ya fara neman abinci kafin ya haɗu da Jean Rouch a Yamai. Daga nan ya tafi Kanada, inda ya ƙaro sani a wurin Norman McLaren.

A lokacin da Osamu Tezuka ya kafa kamfani guda na masu zane a Japan, har suka shiga talabijin cikin 1963, shi Mustafa kusan shi kaɗai yake fama da alƙalaminsa. Duk da haka, cikin 1966 ya fito da Bon Voyage Sim, labarin wani kwaɗo shugaban ƙasa da ya kai ziyara maƙwabta, aka tarbe shi da fareti da bushe-bushe. Majigin ɗan gajere ne ƙwarai, amma babu wanda ya kasa gane su wa ake yi wa zambo, a zamanin da taɓa shugaba ba abin wasa ba ne.

Ya shugabanci sashen silima na Jami'ar Yamai, sa'an nan ya koma Tawa da zama. Ya kuma shirya Kokoa, kokawar gargajiya da 'yan tsana. Ya rasu a Wagadugu ranar 17 ga Maris, 2015.