Dakta Samuel Mudd: Likitan da annobar shawara ta buɗe wa ƙofar kurkuku

Da asubahin ranar 15 ga Afrilu, 1865, wasu mutum biyu a kan dawakai suka ƙwanƙwasa ƙofar wani likitan karkara a jihar Maryland ta Amurka. Ɗaya daga cikinsu na da karaya a ƙafa. Likitan, Samuel Mudd, ya yi masa ɗori, ya ba su masauki. Mai karayar shi ne John Wilkes Booth, wanda sa'o'i kaɗan kafin nan ya harbi Shugaba Abraham Lincoln a gidan wasan kwaikwayo na Ford da ke Washington.

An haifi Mudd a 1833, ya kammala karatun likita a Jami'ar Maryland a 1856. Manomin taba ne kuma, mai bayi. Da masu bincike suka zo, ya ce bai gane baƙon nasa ba, alhali sun haɗu da Booth aƙalla sau biyu a ƙarshen 1864. Wannan ɓoyon ne ya fi komai kai shi ƙasa. Kotun soja ta same shi da laifin haɗa baki, ya tsira daga igiyar rataya da ƙuri'a ɗaya tak. Aka rataye mutum huɗu, shi kuma aka yanke masa ɗaurin rai da rai tare da Samuel Arnold da Michael O'Laughlen, Edman Spangler ya sami shekara shida.

A watan Yulin 1865 jirgin ruwa ya sauke su a sansanin soja na Fort Jefferson, a tsibiran Dry Tortugas, kimanin mil 70 yamma da Key West a Florida. Ginin tubali ne kusan miliyan 16, an fara shi a 1846, ba a kuma taɓa kammala shi ba. Tsibirin ba shi da rijiya ko rafi. Ruwan sama ake tarawa a tankunan ƙarƙashin gini, da dama daga cikinsu sun tsage, ruwan gishiri ya gurɓata su. Ɗakunan da aka gina domin igwa su aka mayar ɗakunan fursunoni, rufinsu na ɗiga, ga zafi, ga sauro. Arnold, wanda ya rubuta tarihinsa daga baya, ya yi bayanin burodi mai ƙwari da naman da ya ruɓe.

Da farko an sa Mudd aiki a asibitin sansanin. Bayan wata biyu ya ɓuya a cikin wani jirgin dakon sojoji da nufin tserewa, aka kama shi. Daga cikin dalilan da shi kansa ya bayar akwai cewa an miƙa gadin wurin ga rundunar baƙaƙen fata, abin da tsohon mai bayi ya ɗauka wulaƙanci ne. Masu son wanke shi ba su cika ambaton wannan ba. Aka jefa shi da abokan ɗaurinsa a wani ɗaki mai duhu, aka sa musu mari a ƙafa, suka yi watanni suna aikin ƙarfi da shi.

A watan Agustan 1867 cutar shawara ta ɓarke. A lokacin ba a san sauro ne ke yaɗa ta ba, ana zargin gurɓatacciyar iska. Ta kama mutum 270, ta kashe 38, ciki har da likitan sansanin, Joseph Smith, da O'Laughlen. Mudd ya karɓi kula da majinyata, yana jinyar sojojin da ke tsaronsa dare da rana, har shi ma ya kamu, ya sha da ƙyar. Sojoji kusan 300 suka sa hannu a takardar roƙon a sake shi.

Shugaba Andrew Johnson ya yi masa afuwa ranar 8 ga Fabrairu, 1869, yana dab da barin mulki. Mudd ya koma gonarsa, ya ba Spangler wurin zama a can. Ciwon huhu ya kashe shi ranar 10 ga Janairu, 1883, yana da shekara 49.

Afuwar ba ta goge hukuncin ba. Jikansa, Dakta Richard Mudd, ya shafe shekaru yana neman a soke shi, har Shugaba Jimmy Carter da Ronald Reagan suka rubuto masa suna nuna tausayawa, amma suka ce ba su da hurumin yin hakan. Ya rasu a 2002, hukuncin 1865 na nan daram.