Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da Sauyin Zamani

An haifi Muhammadu Dikko wajen shekarar 1865 a gidan Sulluɓawa, ya kuma tashi a zamanin da Katsina ke bin Sakkwato, tana fama da hare-haren Maraɗi. Yana riƙe da sarautar Durɓi lokacin da Gwamna Lugard ya shiga birnin a 1903 ba tare da an gwabza yaƙi ba. Turawa suka tuɓe Sarki Abubakar, suka naɗa Yero, shi ma suka tuɓe shi, sannan a 1906 suka ba Dikko sarauta. Da haka mulki ya fita daga gidan Dallazawa, waɗanda ke riƙe da shi tun zamanin Ummarun Dallaje.

Sauye-sauyen da suka biyo baya sun zo a jere. Aka hana cinikin bayi, kuɗin ƙarfe suka kori wuri, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fataucin Sahara ya ja baya, gyaɗa da auduga suka zama abin neman kuɗi. Masana zaman jama'a sun lura cewa idan sauyi ya yi irin wannan gaggawa, al'umma takan rabu biyu, wasu su ƙi sabon abu ɗungurum, wasu su watsar da nasu. Dikko ya zaɓi ya riƙa tantancewa, ya karɓi abin da ya ga zai ƙarfafa ƙasarsa.

Tare da jami'in Turawa Richmond Palmer aka kafa Baitulmali a Katsina, aka sa hakimai da alkalai a kan albashi, tsarin da sauran En'e-En'e suka kwaikwaya. A 1921 ya je aikin Hajji, ya kuma ziyarci Ingila. A 1922 Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, wadda ta horar da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello kafin a mayar da ita Kaduna a 1938. Ya goyi bayan karatun 'ya'ya mata a lokacin da akasarin iyaye ke gudun makarantar boko.

To amma har yanzu masana tarihi ba su daidaita a kansa ba. Wasu na ganin da hannun Turawa ya hau, kuma tsarin da ya ƙarfafa shi ne ya matsa wa talakawa da haraji da jangali. Wasu kuwa na ganin ya fahimci cewa takobi ba zai mayar da zamani baya ba, sai ya tanadar wa Arewa ma'aikatan da suka karɓi mulki a 1960. Wannan muhawara ta shafi kowane ma'aikaci da ɗalibi, domin tambayar abin da za a karɓa da abin da za a tsare ba ta ƙare ba.

Ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. Allah ya jiƙansa, amin.