Marigayi Alhaji Abubakar Imam da Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo

'Yan'uwa, a wannan fitowa za mu waiwayi rayuwar Alhaji Abubakar Imam, wanda aka damƙa wa jaridar da ba tasa ba, ya kuwa riƙe ta bisa amana.

An haife shi a Kagara cikin 1911, a gidan malamai. Bayan karatun allo ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya kuma fara koyarwa a Midil ta Katsina a 1932. Littafinsa Ruwan Bagaja ya yi fice a gasar rubutu ta 1933, dalilin da ya sa Dokta Rupert East ya jawo shi Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce.

A watan Janairu 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, shi ne editanta na farko. A lokacin, gwamnatin Turawan mulkin mallaka ce ke da jaridar. Ta kafa ta ne gab da Yaƙin Duniya na Biyu, domin kashe jita-jitar cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. A wancan lokaci kwabo ɗaya ake sayar da ita. A 1945 ta koma hannun Kamfanin Gaskiya da ke Tudun Wada, daga baya kuma ta shiga ƙarƙashin kamfanin New Nigerian na Kaduna.

Duk da cewa masu mulki ne ke biyansa albashi, Malam Abubakar bai mai da jaridar kakakinsu kaɗai ba. Ya buɗe shafinta ga wasiƙun jama'a, ya yi ta kiran mutanen Arewa su nemi ilmi. Da ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya gana da Lugga, ya faɗa masa illolin da ke cikin tsarin mulkin En'e ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

Ya yi kimanin shekara 12 yana edita. Bayan nan ya yi wa addini hidima da alƙalaminsa, ya rubuta Tarihin Annabi Kammalalle. Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya ran 19 ga Yuni 1981.

Jaridar ta sauya iyayen gida, amma sunan da ya kafa mata na faɗin gaskiya shi muke tunawa. Wannan abin koyi ne ga duk wanda ke riƙe da kayan wani. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa, amin.